Amalanken da Ya Bi ta Kasuwar Kifi

Perrine tana farke cikin kifi lokacin da Margot, mai teburin kusa da nata, ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau ne fa. Ta nan amalanken zai bi."

"Na sani," in ji Perrine. Ta jefa hanjin a bokiti, ta jawo wani kifin.

Wa bai sani ba a Paris? Ƙaninta ne, Aubin Mazel, za a kai dandali a sare masa kai. Aubin ɗin da ta goya! Yaron da ke narka kitse a shagon kyandir, ranar da burodi ya gagari talaka ya haye gangar kifinta ya buɗe baki, kasuwa ta yi tsit. Daga kan gangar nan aka ɗauke shi a kafaɗa, ba a sauke shi ba sai majalisa. Aka zana fuskarsa a faranti, masu jego suka riƙa raɗa wa jarirai sunansa. Ya tura masu sarauta bakin wuƙa, ya tura limaman coci, da suka ƙare ya juyo kan abokansa. Ragowar abokan kuwa suka riga shi, suka yanke masa hukuncin kisa.

Ita dai ba ta jin komai. Tun da aka kama shi zuciyarta ta mutu murus, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

"Ga Thibaut na kwamitin unguwa can, tun safe idonsa na kanki," in ji Margot. "Kin san dokar. Duk wanda ya yi wa maci amana kuka, shi ma maci amana ne."

"Ni za ki gaya wa? A ɗakina Aubin ya tsara ta, yana shan romona."

"To shiru ma ba zai fisshe ki ba, sai an ji muryarki. In suka tafi da ke, wa zai riƙe Lisette? Gidan marayu za su wurga ta."

Lisette 'yar Aubin ce, uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Perrine ta kulle ta a ɗakinsu na saman bene kafin ta fito.

Thibaut ya tako, jar hularsa a karkace. "'Yar ƙasa Mazel! Da gishiri kike jiƙa kifin yau, ko da hawaye?"

"Idona a bushe yake, ɗan ƙasa. Matso ka duba."

"Ai zan duba," ya ce, ya jingina da teburinta.

Sai ga kiɗan ganguna. Amalanken ya shigo a hankali, doki na zamewa a ruwan kifi. An daddatse wa Aubin gashin ƙeya, an yage wuyan rigarsa, hannuwansa a ɗaure ta baya. Perrine ta lura takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ta tsaya tana tunanin ina ɗayan ya shiga. Matan da suka sa wa 'ya'yansu sunansa su ne a gaba, suna jifansa da ruɓaɓɓen kabeji.

Margot ta mintsine ta.

Perrine ta goge hannu a zaninta, ta buɗe muryar tallan da ake ji har bakin kogi. "A sare shi! Maci amana!"

Aubin ya ɗago. Cikin duk ihun nan, wannan muryar ya gane. Ya bi fuskoki da ido har ya same ta. Bai ɓata rai ba, mamaki kawai ya yi, leɓensa ya motsa: "Yaya Perrine?"

Thibaut bai gusa ba, don haka ta sake kurma ihun, ta kuma sakewa, har amalanken ya sha kwana. Sannan ta koma ta sayar da sauran kifinta.

Da la'asar ta hau bene ta buɗe ƙofa. Lisette ta rugo ta rungume mata ƙafafu.

"Gwaggo, na ji muryarki ta taga, ta fi ta kowa! Baba kike kira?"

Perrine ta ajiye kwandonta, ta durƙusa tana hura wuta.

"E," ta ce. "Shi nake kira."