Tsakiyar Tafin Hannu

A cocinmu aikina tsayuwa ne. Kowa yana zaune yana sauraro, ni ina tsaye gefen mimbari, daidai inda hasken taga yake sauka, ina juya wa'azi zuwa maganar hannu saboda kuramen da suke zama a bencin gaba. Ba na sa awarwaro, ba na sa riga mai zane-zane, don kada idon mai kallo ya gaji. Dokar aikin guda ce: ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. Abin da aka faɗa shi za ka miƙa, ko da ranka bai so ba.

Ba makaranta na je na koya ba, a gida na tashi na tarar da maganar, domin Yayana kurma ne. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan yaye, ya bar masa ransa ya tafi da kunnen. Da aka kai shi makarantar kurame, duk hutu sai ya dawo ya zaunar da Mama ya koya mata abin da ya koyo. Ta koya da kyar, da yatsun da suka saba da wanki, amma ta koya. Ita kaɗai na sani da take iya yi wa mutum faɗa da hannu ɗaya, ɗayan yana juya tukunya.

Yanzu Yaya kafinta ne, furfura ta fara fito masa a gemu, amma har gobe ba ya buɗe shago sai ya biya ta ɗakin Mama. Ita kuma kafin ya gama durƙusawa ta haɗa yatsu ta kai baki, ta ɗaga gira: ka ci abinci? Ko ya ce ya ci ba ta yarda.

A shekarar da nake ba da labari aka yi wa Baba Fasto aiki a asibiti, ya kwanta jinya. Dattawan ikilisiya suka ga kada wuri ya yi sanyi, suka gayyato wani baƙon mai wa'azi ya yi mana taron farkawa na mako guda. Yara suka sa masa suna Mai Wuta, don ba ya jera magana uku bai ambaci wuta ba. Gaskiya Allah ya ba shi murya. Idan ya ɗaga ta sai ka ji ta a ƙirjinka, idan ya kwantar da ita sai ka ga mata suna share ido tun bai faɗi komai ba. Cocin da muke zama da tazara a tsakaninmu ya cika ba masaka tsinke. Ni ma tsigar jikina ta tashi a ranar farko, ba zan ɓoye ba.

A rana ta biyu idonsa ya sauka a kan bencin gaba.

Ya ce, "Wannan benci abin kunya ne a gidan Allah. Babu kurmancin da yake zuwa haka kawai. Ƙofa aka buɗe, kuma uwa ce take buɗe ta da zunubinta. Ke uwar kurma, duk sa'ad da kika yi wa ɗanki magana da hannu, ciyar da ruhun nan kike yi. Daga yau ki ɗaure hannunki. Ranar Lahadi ki fito gaban jama'a ki furta abin da kika yi, za ki ga kunne ya buɗe." Sai ya nuna ni yana murmushi. "Ke kuma, 'yata, ranar Lahadi aikinki ya ƙare."

Aka ce amin har rufin kwano ya amsa. Ni kuwa na miƙa maganar kamar yadda ta zo, ban ƙara ba, ban rage ba. Sauran kuramen iyayensu ba a cocinmu suke ba, uwa ɗaya ce a wurin. Yaya ya bi hannuna da kallo har na gama, sannan ya waiwaya ya nemi Mama a layin mata. Kanta yana ƙasa, ta riga ta cusa hannuwanta cikin mayafi.

Na san abin da maganar ta taɓa. Lokacin da zazzaɓin ya fara wa Yaya, Mama ta ɗauka haƙori ne yake fitowa, ba ta kai shi asibiti ba sai da wuyansa ya ƙage. Sau ɗaya ta taɓa gaya mini, ina budurwa, ba ta sake ba. Yaya bai san tana ɗauke da wannan kayan ba.

Washegari da safe ya zo kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kafa wa tabarma ido. Ya taɓa gwiwarta, ta kau da kai. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ajiye burodin da ya sayo mata ya fita. Na taɓa ganin Yaya ya sare yatsa da zarto bai canja fuska ba, amma a ranar da kyar ya gane takalminsa a bakin ƙofa.

Raina ya ɓaci, na shiga na same ta. "Haba Mama! Mutumin da ko sunanki bai sani ba, shi zai raba ki da ɗanki?"

Ta ce, "Ba raba mu ya yi ba, zuwa Lahadi ne kawai."

"In Lahadin ta zo kunne bai buɗe ba fa? Ai cewa zai yi ba ki faɗi duka ba."

Ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Ke kin ji muryata tun kina ciki. Shi ya manta ta. In akwai hanyar da zai ji na kira shi ko sau ɗaya kafin in mutu, ke ce za ki hana ni gwadawa?"

Na fito na bar ta. Kuma a ƙasan raina akwai tsoro. Mutumin nan yana jawo ayoyi kamar daga aljihu, mutane suna faɗuwa a gabansa, dattawan da suka girme ni suna ɗaga hannu suna kuka. Ni wace ce da zan ce ƙarya yake yi? In kuma gaskiya ne, na tsaya a hanyar warkar Yayana?

Haka makon ya ci gaba. Kullum Yaya ya zo, kullum ya koma ba a ce masa uffan ba. Ranar Asabar da rana na kasa zama, na tafi shagonsa. Na tarar ya ba ƙofa baya yana goge ƙafar kujera, dusar katako ta yi masa fari a gira. Na buga teburin aikin da tafin hannu don ya ji motsi a jikinsa, ya juyo.

Ya ce da hannu, "Kafaɗarki tana ciwo a makon nan?"

Na ce a'a.

"Na sani. Ba ta yi aiki ba." Ya ajiye abin gugar, ya gyara tsayuwa irin tawa, har da yadda nake tura baki in na dage. Ya yi alamar wuta, ya yi ta iko, ya nuna ƙirjinsa. Wuta, iko, ni. Wuta, iko, ni. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya.

Ya ce, "Kun ce muryar Baba Fasto barci take sa ku. Ni ban sani ba. Abin da na sani, in yana wa'azi hannunki ba ya hutawa, kina saukowa kina matsa kafaɗa. Wannan kuma kun ce muryarsa tana girgiza gini. Ni muryar ba ta iso ni. Abin da ya rage bayan an cire ta shi kike kawo mini, kuma ɗan kaɗan ne."

Na ce, "Amma ai yana kiran sunan Ubangiji."

A maganar hannu, in za ka ce Yesu, tsakiyar tafin hannunka kake taɓawa da ɗan yatsa, wannan hannu sannan wancan, wurin da ƙusoshi suka shiga. Yaya ya kamo hannuna ya buɗe shi, ya ɗora yatsansa mai kanta a tsakiya.

"Kina taɓa nan, na gani. Amma sai in yana so mutane su faɗi, kamar mai buga guduma. Tun da ya zo, kin gaya mini abu ɗaya da mai wannan hannu ya yi? Abu ɗaya da ya ce? Na karanta da idona, an taɓa kawo masa zancen wani da aka haifa makaho, ana so ya nuna mai laifi, shi ko iyayensa. Ya ƙi ɗora wa kowa. Wannan kuma daga ganin benci ya san mai laifi."

Na tambaye shi abin da na daɗe ina jin nauyin tambaya. "Yaya, ba ka so ka ji?"

Ya ɗaga hannuwansa. "Ina so. Allah yana iyawa, ban taɓa shakka ba. Amma ban yarda sai ya ƙwace mini uwa kafin ya ba ni kunne ba."

Ranar Lahadi har a waje aka jera kujeru. Bayan waƙa Mai Wuta ya kira uwar kurma ta fito. Mama ta taso a hankali, hannuwanta a naɗe cikin mayafi kamar mai jin sanyi, ya kara mata makirufo a baki.

Ta ce, "Na yi jinkiri. Yarona yana ta zafi, na ce haƙori ne. Da na kai shi da wuri..." Sannan ta ce, "Ni na kashe masa kunne."

Tun da nake aikin nan ban taɓa ɗaga abu mai nauyin wannan ba. Na so in bar hannuna a ƙasa. Amma Yaya yana kallona, kuma ban taɓa yi masa ƙarya da hannu ba. Na miƙa masa duka. Na ga lokacin da ya gane abin da uwarsa ta ɗauka ita kaɗai tun yana goye.

Ya miƙe. Mai Wuta ya buɗe hannuwa yana cewa ga shi nan, ruhun ya fara motsi, ya kai yatsu zai toshe masa kunnuwa. Yaya ya ratse shi kamar yadda ake ratse turke a hanya, ya je ya tsaya gaban Mama. Ya dube ni, ya nuna bakina. Yau aikina ya juya: shi zai yi magana, ni in zama muryarsa.

Na faɗa da ƙarfi, ina bin hannunsa. "Mama, ciwo ne. Ciwo ne ya kama ni, ba ke ba ce. Ke ce kika goye ni kika kai ni."

Mai Wuta ya daka tsawa. "Ki rufe baki! Ruhun ne yake magana ta hannunsa!"

Wannan ma na juya wa Yaya, ban rage ba. Ya gyaɗa kai, ya fuskanci mutumin cikin ladabi, ya taɓa tafin hannunsa na hagu, ya taɓa na dama. Na ce, "Malam, tambaya nake yi. In ma uwata ta yi laifi, wanda aka huda wa nan, me ya rage bai ɗauka ba da za a ce ita ta zo ta cika?"

Na ga wani dattijo a layin gaba ya sauke hannun da ya ɗaga, ya ɗora a gwiwa. Mai Wuta ya juya ga makaɗa ya ce a saki kiɗa, a kira wuta. Ganguna suka ɗauka, lasifika ta cika ɗakin, muryata ta nutse, ko ni ba na jin kaina.

Sai dai kiɗa ba ya hana maganar hannu. Yaya bai ma kula ba. Ya durƙusa gaban Mama kamar yadda yake yi kowace safiya, yana ta yi mata magana, ita kuma tana gane kowace kalma, don shi ya koya mata su.

Kunnensa bai buɗe ba a ranar. Akwai waɗanda har yau suke cewa mu muka ɓata mu'ujizar, wasu ma sun bi Mai Wuta zuwa inda ya koma, ba su dawo ba. Da Baba Fasto ya warke ya sha aiki kafin ya ɗinke abin da ya yage. Amma ni abin da na gani a tsakiyar hayaniyar nan shi nake riƙe da shi.

Mayafin Mama ya motsa. Hannuwanta suka fito, sun yi tauri kamar ba nata ba. Ta shafa gefen fuskarsa, ta ja yatsu ƙasa a kumatunta: ka rame. Sannan ta haɗa yatsun ta kai baki, ta ɗaga gira, hawaye yana bin hannun.

Wannan ban fassara wa kowa ba.