Ɗigon Zinnira

Malam Hammadu na Kutama ya shekara arba'in yana rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma ba a san shi da saurin cewa "to" ba. 'Yarsa Zinnira ta fi kowa sani, shi ya sa ta taso da kanta daga Kano da hantsi. An ba ta gurbin bincike na shekara uku a ƙasar waje, kuma ta ƙudurce ba za ta tafi ba sai da yardarsa.

Ta same shi a zaure yana fiƙe alƙalami. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "An ce aikin naki ɗigo ne. Shekara uku a kan ɗigo?"

Ta ciro wani ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa, ta haɗa shi da batir, ta kifa malfar mahaifinta a kai don tare hasken rana. Ya leƙa. Gefe ɗaya ja, ɗayan shuɗi.

"Baba, ɗigogi ne a shimfiɗe a ciki, ido ba ya ganin su. Ƙwayar lantarki takan shigo ta nan, gurbinta ya taho ta can, su haɗu cikin ɗigon. Da ta faɗa gurbin sai ta saki ƙarfinta, shi ne hasken."

"Launin fa? Rini kuka yi?"

"Sinadari ɗaya ne. Babban ɗigo ja yake bayarwa. Ƙarami kuwa ya matse ta, sai ya ba da shuɗi."

Suna cikin haka shuɗin ya fara dusashewa, har ya mutu. Kunya ta kama Zinnira.

"Abin da ya gagare mu ke nan," in ji ta a hankali. "Shuɗin ba ya daɗewa."

Malam ya jawo takarda ya rubuta harafi biyu iri ɗaya, ya tsoma alƙalami a tawada. Ɗaya ya ɗiga masa a ƙasa, ɗayan a sama.

"Karanta."

"Fa da ƙaf."

"Ina da shekarunki na taɓa sa na ƙasa a sama. Malamina ya sa na sake shafin gaba ɗaya, na kwana biyu ina jin haushinsa." Ya ɗauke malfar ya tura mata gilashin. "Ba a barin ɗigo a karkace. Je ki gyara abinki, Allah Ya yi miki albarka."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan takardar. Malam ya yi wuf ya janye ta.

"Ke! Kar ki ƙara mini na uku."