Layin da Ba a Ja Ba

Injiniya, kamar yadda ake kiransa a gida, bai taɓa jin haushin kwamfuta irin na ranar ba.

Yayansa ne ya sa shi zana bishiyar dangi don a rataya a falo. Aiki mai sauƙi: akwai wata laburare, wato manhajar zane da yake amfani da ita a ofis, ka ba ta sunaye, ka gaya mata wa ke haɗe da wa, ita ta san inda za ta ajiye kowa. Ya ba ta layi iri biyu, haihuwa da aure. Ta jera mutum tamanin tsaf, aka buga a katuwar takarda.

Gwaggo, wadda ta raine su bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta sa tabarau tana bin sunaye da yatsa. Can ƙasa ta samu nata, a kusurwa, ita kaɗai, ba layin da ya haɗa ta da yaran da ta raina. Ba ta haihu ba, mijinta kuma babu wanda ya tuna ya rubuta shi.

"Ashe nan nake," ta ce, ta koma ɗaki.

Ran Injiniya ya ɓaci matuƙa. Ya buɗe kwamfuta yana zagin laburaren kamar tana da kunne. Shashasha! Matar da ta yi masa wanka har ya shiga makaranta!

"Asali ake zanawa, ba raino ba," in ji Yaya.

"Wannan ba asali ba ne, Yaya, raini ne!"

Ya ƙara layi na uku, raino. Ya bi dangi a waya yana tambayar su waye Gwaggo ta goya. Mutum goma sha huɗu. Da ya danna, laburaren ta jawo sunanta tsakiyar takarda, layuka suka harɗe a kanta ta ko'ina. Yaya ya ce zanen ya yi muni. Ko kallonsa Injiniya bai yi ba.

Ya kai mata har ɗaki, yana huci.

"Gwaggo, na gyara. Laifin injin ne, bai san ke kika raine mu ba."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta cire tabarau.

"Da ka gaya masa, ya yi gardama?"

"A'a."

"To shi dama bai sani ba, ɗan nan. Kai fa?"