Wuƙar da Ta Dawo Maƙerar Ɗan'azumi

A Tudun Ƙofa, shekarar da aka bar fam da sule aka shiga naira, in ana zancen wuƙa to zancen Ɗan'azumi maƙeri ake yi. Shi kuma bai iya ɓoye jin daɗinsa ba. Kullum sai ya faɗa wa masu zaman hira a maƙerarsa cewa shekara talatin da biyu yana ƙira, ba a taɓa dawo masa da wuƙa ba. Mutane sun ji har sun haddace. Gaskiya ce kuwa, shi ya sa take da haushi.

Yana da tsarinsa. Ƙarfe sai sifirin ɗin tsohuwar mota. Ƙota sai icen ƙirya. Kaifi gefe ɗaya yake yi, ya ce wuƙa mai fuska biyu munafuka ce. Kafin ya fere ƙota kuma, sai ya miƙa wa mai wuƙa curin ɗanyen yumɓu ya ce ya damƙe, ya ga inda kowane yatsa ke kwanciya, ya sassaƙa daidai da wurin.

Wata Talata wani saurayi mai suna Manasseh ya jingine kekensa a ƙofar maƙera. Ɗan wajen Garaku ne, yana aiki da 'yan safiyo, suna sati uku huɗu a daji suna kwana a tanti. Ya durƙusa ya gaisa, ya ciro wani hoto da ya yago daga jarida.

"Baba, irin wannan nake so. Doguwa, da haƙora a baya, ƙotar ƙaho mai sheƙi."

Ɗan'azumi ya riƙe hoton nesa da ido. "Yaƙi za ka, ko daji?"

"Daji, Baba. Feƙe turaku, yanka igiya, gyaran nama."

"To mai haƙora zarto ce, je ka wurin kafinta. Ƙaho kuwa, ranar da ka yi gumi ko ka taɓa jini, zai sulluɓe maka kamar tarwaɗa. Tsawo taƙi ɗaya da yatsa huɗu ya ishe ka. Abin da ya wuce nan, cinyarka zai riƙa duka kana tafiya."

Manasseh ya roƙi ko da ɗan zoben tagulla a wuyan ƙota. Aka ba shi wannan, don kada ya tafi da baƙin ciki. Sannan Ɗan'azumi ya miƙa masa yumɓu. Saurayin ya sa hannun dama ya karɓa, yana tallafe da gwiwar hannun, ya damƙe, ya mayar.

Wuƙa ta yi kyau, ba a magana. Baduku ya ɗinka mata kube, Manasseh ya rataya ya tafi.

Sati uku sai ga shi da hantsi, maƙera cike da 'yan hira. Ya rame, yatsansa ɗaya naɗe da tsumma. Ya gaisa, ya zaro wuƙar da kubenta ya ajiye a kan tabarma. Mai zuga ya tsaya cak. Wani tsoho da ke ɓare goro ya fasa kaiwa baki.

"Baba, ka yi haƙuri. Wuƙar nan gudu take yi. In na ɗora ta a ice sai ta zame. Ƙotar kuma tana cin tafin hannu."

Ɗan'azumi ya ji kamar an zuba masa gawayi a riga. Ya san kafin la'asar zancen ya isa Angwan Iya, an ƙara masa gishiri. Ya ɗauki wuƙar ya ɗora ta a wani reshe, ta shige kamar a sabulu.

"Ga ta nan. Gwada mu gani."

Manasseh ya karɓa da dama, ya shiga fama da reshen kamar mai koyon tuƙin tuwo. Aka yi dariya. Ɗan'azumi ya sami inda zai fake.

"Kun gani ko? Wuƙa lafiyarta lau. 'Yan boko ne, alƙalami ya kashe musu hannu."

Da a nan maganar ta mutu, ba don Zubaidatu ba. Taubashiyar Ɗan'azumi ce, tana sayar da dafaffen rogo a bakin maƙera, kuma tun suna yara ba ta taɓa bari ya ci nasara cikin kwanciyar hankali ba.

"Kai ɗan nan, matso. Wane hannu ne ka yanke?"

Ya nuna mata.

"Dama ke nan. Bawana, kai da ka san ƙarfe, faɗa mini. Mutum na riƙe da wuƙa a dama, ta yaya zai yanke yatsan dama? Sai dai in wuƙar taka tana juyowa ta ciji mai ita."

Manasseh ya sunkuyar da kai.

"Bahago ne ni, Iya. A makarantar mishan malaminmu ɗaure mini hannun yake yi a baya, har na iya rubutu da dama. Amma aiki, in ba kowa, da hagu nake yi."

"To me ya hana ka faɗa?" in ji Ɗan'azumi.

"Baba, kai ka miƙo mini abu. Da wane ido zan karɓa da hagu?"

Ɗan'azumi ya juya wuƙar a hannunsa. Gurbin babban yatsa yana ɓangaren da ba na yaron ba, kaifin ma haka. Duk turaken da aka feƙe a daji, da bayan gangaren kaifin aka yi ta fama. Yana iya cewa laifin mai ɓoyewa ne, kuma da rabin maƙerar sun bi bayansa. Amma ya san shi ya miƙa yumɓun hannu da hannu, da furfurarsa, ga ɗan mutane mai tarbiyya.

"Ta dawo," ya ce. "Ku da ƙafafunku ke ƙaiƙayi, ku je ku faɗa. Ku ce ta dawo, kuma laifin maƙeri ne."

"Ni zan kai Angwan Iya," in ji Zubaidatu. "Dama ina da barka can."

Ya ƙera wa Manasseh wata a kwana huɗu, komai a juye. Wannan karon a ƙasa ya ajiye yumɓun, ya juya baya yana gyara wuta har saurayin ya gama damƙa.

Zancen ya zaga gari yadda aka zata. Aka yi wata guda ana tsokanar Ɗan'azumi a masallaci da kasuwa, shi kuma bai sake ambaton shekara talatin da biyu ba. Sai dai kafin damina ta faɗi, mutum biyar sun zo masa ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya duba hagu da dama kafin ya shiga, ya ce irin ta ɗan Garaku yake so. Akwai mahauci a ciki, akwai malamin asibiti. Akwai kuma wani babban mutum mai rawani, wanda ba za a faɗi sunansa ba tunda 'ya'yansa suna nan da ransu, amma gidansa ne mai bishiyar tsamiya a ƙofa.