K Marar Ƙugiya

Ranar Talata da hantsi aka gane ba ita ke rubutu a shafinta ba.

Malam na zaune a ɗakin saƙarta, wayarta a hannunsa, ulu da kwarashi na kan kujera yadda ta bar su. Tun da matarsa ta rasu bai gaya wa mutanen shafin ba. Shi ke ɗora hotunan hulunan jariran da suka rage a kwali, shi ke amsa wa masu saye da bakinta. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da nahawu, kwaikwayon mace ɗaya ai ba zai gagare shi ba.

Sai ga wata mai jego, tsohuwar mai saye, ta rubuta a ƙarƙashin hoton jiya: "Wannan ba Mama ba ce. Mama 'saka' take rubutawa, ba ta taɓa sa wa k ƙugiya ba. Wane ne kai?"

Kafin ya gyara tabarau wasu sun taru.

"Ɓarawo ne, wayarta ya sace."

"Ɓarawo mai ilimi kuwa, har da waƙafi."

"Kowa ya kai ƙara a rufe shafin!"

Duk bidiyoyin matarsa a can suke: hannuwanta, tarinta, muryarta tana cewa a ja zare a hankali, ba igiyar guga ba ce. Bai san yadda ake ciro su ba. In an rufe, shi ke nan, gidan ya yi shiru na gaske.

Ya kira 'yarsa.

"Baba, ina wurin aiki fa."

"Za su rufe ta."

"Su rufe wa?"

"Uwarki. Shafin."

"Ai na ce ka sanar da su. Kai da ko takardar magani sai ka yi mata gyara, ka ɗauka za ka ɓoyu? Faɗa musu gaskiya, Baba. Yanzu."

Ya fara gwada dabara. Ya rubuta "Ni ce, ina nan ina saka," ya dube shi, ya goge. Sannan ya rubuta abin da bakinsa ya ƙi furtawa tun ranar: "Mijinta ne. Ta rasu."

Ya zauna yana kallon wayar. Ba abin da ya motsa. Can sai mai jegon ta dawo.

"Allah Ya jiƙan Mama. A janye ƙarar, jama'a. Kai ne Malam Jan Biro? Ta ce kowace hula kai take fara nuna wa kafin mu."

Haka ne. Matarsa takan zo da hular a hannu ɗaya, waya a ɗayan, shi kuwa rubutun da ta yi a wayar yake dubawa. "Saƙa," yake cewa. "Mai ƙugiya."

Ya ciro hula ɗaya daga kwalin, shuɗiya, ba ta cika tafin hannunsa ba. Ya juya ta, ya nemi kuskure, bai samu ba.

Ta yi kyau. Abin da ya rage bai ce wa matarsa ba ke nan.