Kalmasar Jan Ƙarfe

Saura minti ashirin a rufe akwatin kaya, kuma gidan Firit ne kaɗai bai kawo wuta ba.

Gidajen kwali goma sha biyu ne jere a kan dogon teburin laburare, kowanne da ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar shinkafa a tagarsa. Tun da hantsi malamar da ke yawo da akwatin ta nuna wa yaran yadda ake yi: a manna siririn tef na jan ƙarfe daga batir zuwa ƙwan, a zagayo da shi ya dawo. Ƙarfe huɗu za ta kwashe kayanta, sai kuma baɗi.

Firit ta saci kallon Kaka, wadda ke zaune kusa da kantar littattafai da sandarta. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. Ba ta ganin fuska, ba ta ganin zane, sai dai haske. Duk abin da Firit ta zano daga makaranta shafawa kawai take yi ta ce ya yi kyau. Yau Firit ta janyo ta har nan, da alkawarin za ta yi abin da Kaka za ta gani da idonta.

Ta juya batir. Shiru. Ta canza ƙwan. Shiru.

"Ke sarkin alkawari," in ji Kaka, "ko dai a gidan naki ma an ɗauke wuta?"

"Kaka, don Allah ki bari."

"Miƙo nan."

"Me kika sani a lantarki?"

"Abin da kika sani. Miƙo."

Yatsun Kaka, da suka shekara arba'in a kan keken ɗinki, suka bi tef ɗin a hankali kamar mai bin bango. A kwanar farko suka tsaya. Suka sake tsayawa a ta biyu.

"Nan yankawa kika yi."

"Don ya yi tsaf. Ke kika ce kwana ba ta son tattara."

Gaskiya ne. Sauran yara lanƙwasa nasu suka yi ko ta yaya, duk ya yamutse. Firit, jikar tela, almakashi ta sa a kowace kwana, ta ɗora sabon yanki a kan tsoho.

Malamar ta leƙo, rabin kayanta a hannu. "Kash! Ai ƙasan tef ɗin gam ne, 'yammata. Wuta ba ta tsallake gam. Ga ragowar nan, amma minti shida gare ki."

"In ba a yankawa, sai kalmasa," in ji Kaka. "Ajiye almakashin nan. Mayar da shi baya. Danne da farce. Yanzu karya shi gefe."

Hannun Kaka na bisa na Firit. Kwana ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu aka ji ƙarar murfin akwati.

Firit ta danna batir.

Tagar ta buɗe ido, ruwan ɗorawa.

"Kin gani?"

"Rana ta yi yawa a ɗakin nan."

Firit ta yaye gefen mayafin Kaka ta lulluɓe kawunansu, su biyu da gidan. Hayaniyar yara ta yi nisa, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Cikin 'yar inuwar nan hasken ya yi ta girma, har Firit ta ji kamar in ta sunkuya za ta shige ta ƙofar kwalin ta tarar da tabarma a shimfiɗe.

Kaka ta daɗe ba ta ƙifta ba.

"Taga ce," ta ce a hankali. "Mai gida huɗu. Irin ta shagona." Ta matso da fuskarta. "Amma wa ya yanka miki ita a karkace haka?"