Gadon Da Ya Fi Ƙofa

Ran da Bara'atu ta fita takaba, wanta Bello ya zo da a-kori-kura zai kwashe ta zuwa gidansa a Unguwar Shanu. An sayar da gidan hayar da suke ciki a Rafin Guza, sabon mai gida kuma ya ce a ba shi makulli kafin magariba.

Kujeru sun fita, kwanuka sun fita. Saura gado.

Gado ne mai rumfa, aikin hannun mijinta, marigayi Isa kafinta. Wasu tsoffin kabad na katakon ceri, wani icen ƙasar waje, ya saya a gwanjo, ya farke su, ya fere. Ja ne katakon, kullum ƙara duhu yake yi. A cikin ɗakin nan ya haɗa shi, ba ƙusa ba noti, sai rami da gam.

Maza huɗu suka ɗaga, suka karkata, suka kwantar da shi. Ƙofa ta ƙi.

Aka kira Malam Rabe, abokin sana'ar marigayin. Ya shafa mahaɗar, ya yi 'yar dariya.

"Amarya, mijin nan naki da taurin kai. Na ce masa ya sa noti, ya ce shi ba inda za shi."

Bara'atu ta ji maganar. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba.

Bello ya kira mai gida a waya ya roƙa a cire katakon ƙofa. Mutumin ya ce kada a taɓa masa bango.

"To, ko a bar shi nan," in ji Rabe, "ko in yanke sandunan rumfar huɗu. In na yanke, rumfa ba za ta koma yadda take ba, gaskiya ke nan."

"Bara'atu, ke ake jira," Bello ya ce. "Mai mota yana ta hon."

Ta dubi gadon. A kansa ta haifi 'yarsu da ba ta zo da rai ba. A kansa Isa ya yi jinya, yana kallon rumfar yana cewa kusurwar hagu ta ɗan karkace, in ya tashi zai gyara.

"Yaya, wa zai kwana a kai in mun bari?"

"Oho. Duk wanda ya kama ɗakin."

"Yanke, Malam."

Rabe ya ce wani ya riƙe masa. Ita ta matso ta kama sandar da hannu biyu. Zarto yana shiga, tana jin rawarsa har kafaɗa. Jan gari ya zubo mata a ƙafa.

Da ya gama ta huɗu, gadon ya fita ba gardama.

"Sandunan fa?" in ji mai mota.

Ta tattara su ta hau gaba, ta ɗora a cinya. Sun yi tsawo, sai da aka sauke gilashi.